Da Wane Mudu Aka Auna?

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan hatsi a Monday Market ko Kasuwar Gamboru a Maiduguri ya san ciniki biyu ake yi a kan gero. Na farko a kan kuɗi ne, shi ne wanda ake ɗaga murya a kansa. Na biyu a kan kwano ne, kuma galibi da ido ake yin sa. Mace za ta tsuguna gaban buhu, ta taya, mai awo ya sallama, amma ba za ta buɗe bakin jakarta ba sai ta ɗauki kwanon ta juya shi, ta shafa gindinsa da yatsa ta ji ko an buge shi ya shige ciki. Sannan ta zuba wa hannunsa ido. Zai tara tafin hagu a gefen kwano ya tokare tozon, ko zai bar hatsin ya zube yadda ya ga dama? Daga saman buhu zai ɗiba, inda aka fi zuba mai kyau, ko zai nutsa kwanon can ƙasa?

"Haba Alhaji, wannan ai ba tozo."

"Hajiya, mudunmu ke nan. In kin je gaba ki auna ki gani."

Gaskiya ya faɗa mata, in ta je gaba wani mudun za ta tarar. Shi ya sa in mutum ya dawo daga Biu ya ce ya sayi mudun wake a kuɗi kaza, ɗan'uwansa na Maiduguri ba ya cewa an yi araha ko an yi tsada sai ya tambaya, "Mudun ina?" Kuma in ƙarshen azumi ya zo, magidanci mai kula ba ya fid da zakkar kai da kwanon kasuwa. Sa'i ɗaya aka ce, wato mudu huɗu na mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka sai ya nemo ma'aunin da aka san asalinsa, ko ya tambayi malami nawa ne daidai da shi a kwanon garinsu. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa faɗin adadi ba ya wadatarwa sai an faɗi abin da aka auna da shi.

Wannan tambaya ta "mudun ina" ita ce ta hana manyan likitocin zuciya na duniya sakat fiye da shekara ashirin, a kan wani awo da ke cikin mafi tsada a aikin asibiti: ɗaukar hoton kitsen da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini ta hanyar sinadarin nukiliya.

Sai mu fara da cutar. Da yawa na ɗauka maiƙon da aka ci ne ke kwanciya a cikin hanyar jini har ta cike. Abin ya fi haka zurfi. Kolestarol kutsawa yake yi ƙarƙashin siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya, ya maƙale a cikin bangon kansa. Jiki sai ya turo wasu fararen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira makrofaj, su haɗiye shi. Su yi ta ci har su kumbura su mutu a wurin, gawarsu ta ƙara wa tarin yawa. Shekara da shekaru curin na girma, da wani murfin nama a samansa da ya raba shi da jinin da ke wucewa. Tun 1913 Nikolai Anichkov ya nuna a Rasha cewa zomayen da aka ciyar da kolestarol suna samun irin wannan curi a jijiyoyinsu.

Abin tsoron shi ne, curin da ya fi girma ba lalle shi ne mai kisa ba. Wanda ya tsufa ya daskare da alli yana iya ƙuntata hanya, ya sa mutum ciwon ƙirji in ya yi saurin tafiya, amma ya zauna haka shekaru. Wanda ke kayar da mutum farat ɗaya sau da yawa shi ne mai siririn murfi, wanda makrofaj ke ta aiki a cikinsa. Murfin ya yage, jini ya daskare a kai cikin mintuna, hanya ta toshe. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a jijiyar wuya ne, gudan jinin ya ɓalle ya haye ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Wa bai taɓa zuwa ta'aziyya ya ji ana cewa "lafiyarsa ƙalau, da shi aka yi Isha'i" ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma kashi 85 cikin 100 nasu bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki.

Hoton sikanin da hoton CT suna nuna siffa: ga curi, ga kaurinsa, ga yadda ya matse hanya. Abin da likita ke son sani shi ne ko curin a kwance yake ko yana ruruwa. Nan hoton nukiliya ya shigo. Tushen dabarar na George de Hevesy ne, ɗan ƙasar Hangari, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1943: ka ɗaura wa abu wata alama mai fitar da tiriri, ka sake shi cikin jiki, ka bi sawunsa daga waje. Sinadarin da aka fi amfani da shi ana kiran sa FDG, suga ne da aka maƙala wa fulorin mai lamba 18. An fara yi wa ɗan Adam allurarsa a 1976 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Ƙwayar jiki mai yunwa tana ɗaukar sa kamar suga na gaske, amma ba ta iya ƙone shi har ƙarshe, sai ya maƙale a cikinta. Makrofaj da ke tsakiyar aiki kuwa macin suga ne sosai. Daga inda sinadarin ya taru, haske biyu ke fita lokaci guda, ɗaya gabas ɗaya yamma, zoben na'urar PET da ke kewaye da majinyaci ya kama su, kwamfuta ta lissafa daga ina suka taso.

A 2002 James Rudd da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka gwada wannan a kan mutum 8 da curin jijiyar wuya ya riga ya ba su matsala. Suka tarar curin da ya jawo ciwon ya tara sinadarin fiye da na ɗaya gefen da kimanin kashi 27 cikin 100. A 2006 Ahmed Tawakol na birnin Boston ya ƙara da nuna cewa yawan hasken ya dace da yawan makrofaj da aka ƙirga a curin bayan an yi tiyata an ciro shi. Murna ta kama masana, don a karon farko ana iya ganin ruruwar cutar a jikin mai rai.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ganin wuri ya yi haske daban, faɗin nawa ne hasken daban. Likitan da ke son sanin ko magani ya yi aiki bayan wata uku lamba yake buƙata, ba "ya ɗan ragu" ba.

Lambar farko da aka aro daga likitocin ciwon daji ita ce SUV. Ma'anarta a sauƙaƙe: da sinadarin da aka yi allura zai bazu daidai wa daida a duk jiki, ko'ina zai ba da 1. Wurin da ya ba da 3 ya tara ninki uku na rabonsa. Lissafin na buƙatar abu uku, yawan tiririn da na'ura ta gani a wurin, yawan abin da aka zuba a jini, da nauyin mutum. Kowannensu ƙofa ce ta kuskure. In ba a ɗora majinyaci a sikeli ba, aka tambaye shi nauyinsa ya faɗi na bara, lamba ta karkace. In wani abu ya rage a sirinji ba a auna an cire ba, ko allura ta zame ta zuba a nama, ta karkace. Har agogo na da hannu a ciki. Tiririn fulorin 18 na raguwa da rabi duk minti 110, don haka in agogon ɗakin haɗa allura da na na'urar hoto suka saɓa da minti 10 kacal, kuskuren ya kai kashi 6 cikin 100. Mai ƙiba kuma lambarsa na fitowa sama, domin kitsen jiki ba ya shan FDG sosai, sai rabon sauran sassa ya ƙaru. Mai ciwon suga da sugansa ya hau a ranar, sugan jininsa na gasa da sinadarin wajen shiga ƙwayoyi, sai curin ya fito dishi-dishi alhali yana ruruwa.

Duk wannan ya shafi kowane hoton PET. Jijiya tana da tata matsalar ta musamman, wato ƙanƙanta. Na'urar ba ta iya rarrabe abin da ya gaza milimita 4 ko 5 da kyau, alhali bangon jijiyar wuya mai lafiya bai kai milimita 1 ba, curin da ake nema ma sau da yawa milimita 2 ne ko 3. Hasken curi sai ya watsu zuwa maƙwabta, na maƙwabta ya watso masa. Babban maƙwabcin kuwa shi ne jinin da ke gudana a cikin jijiyar, wanda shi ma ɗauke yake da sinadarin. Masu hoton ciwon daji awa 1 suke jira bayan allura. A wannan lokaci jini bai gama washewa ba, bango da jini duk haske ɗaya suke. Rudd awa 3 ya jira. Wasu minti 90, wasu awa 2. Mutum ɗaya, curi ɗaya, amma lambar da za a samu ta dogara da lokacin da aka kwantar da shi.

Don magance hasken jini aka fito da lamba ta biyu, TBR. Ana ɗaukar SUV na bangon jijiya a raba shi da SUV na jinin da ke wata babbar jijiya mai mayar da jini zuwa zuciya. A ƙaddara bango ya ba da 2.4, jini ya ba da 1.5, sakamako 1.6. Yanzu a bar bangon yadda yake, a ce jinin ya fi washewa ya ba da 1.2, sakamako ya koma 2.0. In kuwa jinin ya riƙe sinadarin ya ba da 1.8, sakamako ya sauko wajen 1.3. Curin bai motsa ba, lambar ta yi tsalle daga "akwai haɗari" zuwa "ba komai". Me ke sa jini ya riƙe sinadarin? Ɗaya daga ciki shi ne raunin ƙoda, tunda ƙoda ce ke tace FDG ta fitar da shi a fitsari. Wannan ya kamata ya tsaya wa ɗan Borno da ɗan Yobe a rai, mu da muka san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin nan, musamman wajen Gashuwa, muka kuma san cunkoson masu jiran wankin ƙoda. Mai ciwon ƙoda yana cikin waɗanda jijiyoyinsu suka fi lalacewa, kuma shi ne wannan lissafi zai iya nuna wa lamba mai kwantar da hankali. Wasu masana, musamman na Odense a ƙasar Denmak, sun fi son a debe hasken jini daga na bango maimakon a raba. A misalinmu na farko amsarsu 0.9 ce. Wanda ya ga 0.9 a wata takarda da 1.6 a wata, yaya zai san curi ɗaya ake nufi?

Sannan ga batun tozo da shafe. Likita na zana da'ira a kan jijiya a kowane yanki na hoton. Zai iya rubuta ɗigon da ya fi kowane haske a cikin da'irar, zai iya rubuta matsakaicin duka. Na farko yana da sauƙin maimaitawa, kowa ya zana zai faɗa kan ɗigo ɗaya, amma ɗigo ɗaya na iya zama hayaniyar na'ura kawai. Na biyu ya fi natsuwa, sai dai ya haɗa da jinin tsakiya, kuma ya dogara da faɗin da'irar da hannun mutum ya zana. Bayan haka sai a zaɓi daga ina za a ɗiba. Akwai masu bin jijiyar daga farko har ƙarshe su fitar da matsakaici. Akwai masu ɗaukar guntun da ya fi muni kaɗai, kimanin santimita ɗaya da rabi. Akwai masu ƙirga yankunan da suka haura 1.6 su bar sauran.

A ganina babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira ha'inci. Kowacce amsa ce ga tambaya daban. Mai son sanin yadda cutar ta game jiki, jijiya duka zai auna. Mai son sanin ko wannan curin na wuyan hagu ne ya jawo shanyewar hannu, guntun zai duba. Ha'incin yana shigowa ne ta hanya biyu: mutum ya ba da lamba ya ɓoye yadda ya same ta, ko ya auna ta hanyoyi huɗu sannan ya zaɓi wadda ta yi wa maganinsa daɗi ya buga. Na biyun ya fi muni, domin ba a kama shi da ido.

A 2015 wasu masu bincike na Faransa, Pauline Huet da Irène Buvat da abokansu, suka tattara maƙalu 49 da aka buga a kan wannan awo, suka duba yadda kowa ya yi. Suka ƙirga hanyoyin ɗaukar hoto 53, hanyoyin haɗa hoton a kwamfuta 51, hanyoyin fitar da lamba 46. Hanyoyin ɗaukar hoto ma sun fi maƙalun yawa. Kowane asibiti da kwanonsa, kuma duk suna kiran abin da suka samu da suna ɗaya. Shekara guda bayan haka, a 2016, Ƙungiyar Likitancin Nukiliya ta Turai ta fitar da matsaya ƙarƙashin jagorancin Jan Bucerius: a jira awa 2 bayan allura, sugan majinyaci ya kasance ƙasa da wajen 130 a ma'aunin miligiram, a yi amfani da TBR, a kuma bayyana dalla-dalla yadda aka zana da inda aka ɗiba. Tun 2010 ƙungiyar ta riga ta kafa tsarin tantance na'urori. Ana cika wani akwatin roba mai siffar ƙirjin mutum da ruwa, a cikinsa akwai ƙwallaye 6 daga mai faɗin milimita 10 zuwa mai 37, a zuba musu sinadarin da aka san adadinsa, a ɗauki hoto. In na'ura ta faɗi abin da ya saɓa wa abin da aka zuba fiye da iyakar da aka yarda, ba a ba ta shaida sai an gyara. Aiki ne marar armashi, ba a kiran 'yan jarida ranar da ake yin sa, amma shi ne ya sa lambar Amsterdam za ta iya zama kusa da ta Paris a yi musu hukunci ɗaya.

Jijiyoyin zuciya kansu sun fi wuya. Faɗinsu milimita kaɗan ne, suna motsi da kowane bugu da kowane numfashi, kuma naman zuciyar da suke kwance a kai shi ma macin suga ne, haskensa na rufe komai. Akan hana majinyaci tuwo da shinkafa da duk wani mai zaƙi tun jajibiri, a ba shi mai maiƙo, sannan ya yi dogon zama da yunwa don zuciya ta koma ƙona kitse, amma ko hakan ba kullum yake ci ba. Sai masanan Edinbara a Sikotilan suka juya ga wani tsohon sinadari, sodiyam fulorayid, wanda tun shekarun 1960 ake hoton ƙashi da shi. Shi ba ruwansa da suga. Alli yake bi, musamman ƙananan burbushin da ke fara fitowa a curin da ke ruruwa, waɗanda suka yi wa hoton CT ƙanƙanta. A 2014 Nikhil Joshi, Marc Dweck da David Newby suka buga sakamakonsu a mujallar Lancet: cikin mutum 40 da suka samu bugun zuciya, a 37 curin da ya fashe shi ne ya fi kowane tara sinadarin.

Wannan ya tabbatar da cewa ana iya gane curin bayan ya yi ɓarna. Ko ana iya gane shi kafin ya yi? An bi mutum 704 da suka taɓa samun bugun zuciya na tsawon kimanin shekara 4, a wannan karon da wani sabon ma'auni da ke tattara hasken dukkan jijiyoyin zuciya wuri ɗaya. Da sakamako ya fito a 2023, awon bai hango babban abin da aka tsara zai hango ba, wato jimillar mutuwa daga ciwon zuciya da sabon bugu da aikin buɗe jijiya na gaggawa, ko da yake masu haske da yawa sun fi mutuwa kuma sun fi sake samun bugun. Masu binciken sun faɗi duka biyun, kuma wannan abin a yaba ne, domin ko da yake sun faɗaɗa mudunsu ana tsakiyar aikin, sun bayyana hakan a fili, ba su kuma ɓoye sakamakon da bai cika yadda suke so ba. Har yau wannan hoto ya fi zama kayan bincike da gwajin sababbin magunguna. Ba shi likita ke nema ba kafin ya rubuta wa mutum maganin kolestarol.

To mu ina muka tsaya? Likitancin nukiliya a Najeriya ya daɗe yana tafiya ne a Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda aka buɗe cibiyarsa a 2006, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da sinadaran da ake shigowa da su daga waje. Na'urar PET sai a farkon shekarun 2020 ta iso, a wata cibiya mai zaman kanta a Legas da ta kafa injin haɗa sinadarin a gefenta. Dole ne injin ya kasance kusa, tunda abin da aka haɗa da safe, bayan awa biyar da rabi kashi ɗaya cikin takwas ne ya rage. Daga Maiduguri zuwa Legas kuwa ya haura kilomita 1,500 a mota.

Amma ba daga sifili za mu fara ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, yana karɓar marasa lafiya daga duk Arewa maso Gabas har da Chadi da Kamaru da Nijar, yana da cibiyar ƙoda da ta ciwon daji. Jami'ar Maiduguri na da cibiyar bincike da horo kan makamashin nukiliya, Zariya kuma na da tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Ambaliyar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta shiga asibitin ta taɓa na'urori masu tsadar gaske, kuma duk na'urar awo da ta sha ruwa ko ta sha gyara sai an sake tantance ta kafin a yarda da abin da take faɗa. Ranar da Allah ya kawo mu sayen na'urar PET a wannan yanki, ina roƙon masu kasafi su sa kuɗin masanin fiziks na asibiti, da akwatin gwajin nan, da wutar da ba ta yankewa, a layi ɗaya da kuɗin na'urar. A kuma auna mutanenmu masu lafiya a san lambarsu, domin iyaka irin 1.6 daga jikin mutanen Turai da Amurka aka fitar da ita.

Akwai ma dalilin da ya sa bai kamata mu ɗauki tsarinsu kacokan ba. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya duba mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ba, kuma hawan jini na da hannu a kimanin kashi 90 cikin 100 na cutar baki ɗaya. Ma'ana, awon da ya fi shafar rayuwar ɗan Gwange da ɗan Bulumkutu a Maiduguri a yau, wato awon hawan jini, yana nan a kowane kemis, kuma shi ma ana yi masa irin riƙon da aka yi wa na PET kafin 2016.

Ga dattijo ya sauko daga Keke Napep da azahar a watan Afrilu, zufa na zuba, goro a baki. Ya zauna a kan benci marar majingina, ya miƙa hannu. Yaron kanti ya naɗa masa abin awo a kan hannun riga, hannun na lilo a gefe, waya ta yi ƙara ya ɗauka yana amsa gaisuwa.

"Baba, jininka ya hau fa, 160 ne."

"To ɗana, ba ni na hawan jinin."

Wataƙila jinin nasa ya hau da gaske, wataƙila kuma bai kai haka ba. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun nuna a 2024 cewa barin hannu yana lilo a gefe na ƙara wa lambar sama kimanin 6.5, ɗora shi a cinya na ƙara kusan 4. A 2023 sun nuna cewa in aka naɗa wa mai kaurin dantse sosai madauri na gama-gari, lambar na iya haurawa da kusan 20. Siririn mutum da aka sa wa babban madauri kuma tasa ƙasa take yi, a sallame shi a ce lafiya lau. Goro da shayi da taba da cikar mara da magana duk suna ɗaga ta. Iyakar ma ba ɗaya ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya na kiran hawan jini daga 140 bisa 90, a awon ranaku biyu daban-daban, likitocin Amurka tun 2017 sun sauko da tasu zuwa 130 bisa 80. Awon suga ma haka. Wata na'urar na faɗin 7, wata na faɗin 126, kuma abu ɗaya ne, ɗaya milimol ɗaya miligiram, tsakaninsu ninki 18. Na ga tsohuwar da ta kwana kuka don takardar asibiti ta ce 6, na'urar ɗanta ta ce 108.

Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo. Mai karatu, in za a auna maka jini, ka bar goro da shayi da taba rabin awa kafin nan, ka kama ruwa, ka zauna minti 5 bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa. Ka zare hannun riga, ka ɗora hannun a kan tebur daidai da ƙirjinka, ka yi shiru har a gama, a kuma maimaita bayan minti ɗaya ko biyu. Ka sa a rubuta maka lambobin biyu, ta sama da ta ƙasa, da kwanan wata da lokaci da hannun da aka auna, a ɗan littafi guda da za ka riƙa zuwa da shi. In lambar ta kai 140 bisa 90 a rana biyu daban-daban, kada ka tsaya a kemis, ka kai littafin wurin likita a wannan makon.